Makarantar da Ta Haifi Gari: Waiwaye Kan Tarihin Ilmi a Wusasa

Gabatarwa

A mafi yawan garuruwan ƙasar Hausa, gari ne yake fara kafuwa, a gina ganuwa, a ci kasuwa, a naɗa sarki, sannan bayan shekaru aru-aru makarantar boko ta zo ta tarar da mutane a zaune. A wajenmu al'amarin ya sha bamban. Wusasa da muka sani a yau ta taso ne a jikin aji da asibiti da majami'a, kuma a cikin ukun nan ajin ne ya fi sauya rayuwar zuriyarmu. Duk ɗan Wusasa da ke zaune a Kaduna ko Abuja ko Legas ko wata ƙasar waje, yana riƙe da aikin da ake yi da biro da Turanci, in ya bi sawun arzikinsa baya, zai iske ya tsaya a ƙofar wannan aji.

Dalilin wannan rubutu shi ne mu tuna wa juna su wane ne aka buɗe makarantar dominsu. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birane suna jin ana lissafa manyan mutanen da suka fito daga Wusasa, sai su ɗauka cewa tun asali mu masu hali ne. Ba haka abin yake ba. Tushenmu marayu ne, da 'yantattun bayi, da 'yan gudun hijira, da waɗanda annoba ta rage. Wanda ya manta da wannan, ya manta da bashin da ke kansa.

Zuwan Likita Mila

Labarin ya faro ne daga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da ake kira C.M.S. A ƙarshen ƙarni na 19 ta tura wasu samari zuwa Tarabulus ta ƙasar Libiya domin su koyi Hausa a bakin fatake da alhazan da ke bi ta can. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dokta Walter Miller, wanda aka fi sani da Likita Mila. A shekarar 1900 ya shigo ƙasar Hausa a cikin ayarin Turawa biyar ƙarƙashin jagorancin Bishop Herbert Tugwell. Sun ratsa ta Zariya suka isa Kano, amma Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su da su bar masa gari. Suka juyo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu.

A wannan lokaci ne Turawan mulki ke kan cin ƙasar. Da suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a sha'anin addini ba. Wannan alkawari shi ya zama katangar da ta hana 'yan mishan shiga biranen sarakuna shekaru da dama. Zariya ta zama ta daban, domin a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Likita Mila ya samu izinin zama a cikin birni, a unguwar Durumin Maigarke. A nan ya buɗe ɗakin shan magani, a nan kuma ya fara koyar da yara.

Ɗaliban Farko

Da farko burin Likita Mila shi ne ya jawo 'ya'yan sarakuna da malamai, yana ganin in ya samu manya, talakawa za su biyo baya. Wannan buri bai cika ba. Iyaye Musulmi sun fahimci cewa mai makarantar yana da addinin da yake kira zuwa gare shi, kuma shi ma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ga shi mutum mai kaifin harshe, wanda ba ya shakkar sukar sarakuna da razdanoni, abin da ya jawo masa rashin jituwa da fada da kuma gwamnati. Da hukuma ta tashi yi wa 'ya'yan sarakuna makaranta, sai ta damƙa aikin ga Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano a 1909.

To, su wa suka rage wa Likita Mila? In aka ɗebe 'yan ƙalilan daga gidajen Fulani da na malamai waɗanda iyayensu suka amince da shi, sauran duk yara ne marasa gata. A 1901 gwamnati ta yi shelar hana cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Sojoji suka riƙa tare ayarin masu fataucin bayi suna ƙwato yara, waɗanda da yawansu ba su san sunan garinsu ba, balle hanyar komawa. Irin waɗannan yara, da marayu, da waɗanda aka kawo jinya ba a dawo ɗaukarsu ba, su ne suka zauna a kan tabarmar ajin farko. Makarantar ba ta gwamnati ba ce, ba ta En'e ba ce. Da gudummawar masu bi ta rayu, da kuma gumin malamanta da ɗalibanta.

Isawa da Annobar Gimi

Reshe na biyu na asalinmu ya fito ne daga Kano. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi na musamman a cikin karantarwarsa. Hukumar wancan zamani ta ɗauki hakan a matsayin fanɗarewa, aka yanke masa hukuncin kisa. Almajiransa, waɗanda aka riƙa kira Isawa, suka watse zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau, suna noma a ƙauyuka, suna riƙe da abin da malaminsu ya bar musu.

A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wajen Likita Mila a Zariya. Daga wannan haɗuwa aka yanke shawarar tara su wuri guda, aka samu fili a Gimi ta ƙasar Zazzau, aka kafa ƙauyen Kirista, inda wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, Rabaran W. A. Thompson, ya zauna tare da su. An yi gonaki, an yi majami'a, an fara karatu. Abin da ba a sani ba shi ne, ƙoramun wurin cike suke da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ta ɗibar mutane, manya da yara, har kafin a cika shekara goma Gimi ta watse. Sai a ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta fito da gagarumin shirin yaƙi da wannan cuta a yankin Anchau, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe wa mutanen Gimi.

Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira yara ne da aka riga aka tura makaranta a Zariya. Mai karatu ya tsaya ya dubi wannan da kyau. Yaron da ya bar iyayensa ya tafi karatu, ya waiwayo ya tarar babu gida babu gona, ba shi da gadon da ya wuce abin da ke cikin kansa. Ga irin wannan yaro karatu ba ado ba ne. Shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Wannan ne asalin zafin neman ilmin da aka san mutanen Wusasa da shi.

Me Ya Sa Turanci?

Domin a gane darajar abin da makarantar ta bayar, sai a dubi yadda Arewa take a lokacin. Turawan mulki ba su da sha'awar ganin talakan Arewa ya iya Turanci. Sun ga yadda 'yan boko na Legas suke sukarsu a jaridu, ba sa son a samu irinsu a nan. Saboda haka makarantun elementare na gwamnati da na En'e da Hausa suke koyarwa, Turanci kuwa sai ƙalilan da suka haye zuwa sama, kamar waɗanda suka shiga Kwalejin Katsina da aka kafa a farkon shekarun 1920, kuma galibinsu 'ya'yan masu sarauta ne da na malamai.

A gefe guda kuma, zamani yana ta buɗe ƙofofin da sai da Turanci ake shiga. Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911. Aka buɗe gidan waya, da kantunan kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, da asibitoci, da ofisoshin gwamnati. Duk waɗannan suna bukatar akawu da malamin asibiti da tafinta. Da yake babu 'yan ƙasa masu wannan ilmi, sai aka riƙa ɗauko ma'aikata daga Kudu da Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Gana, su ne suka cika Sabon Gari. Yaron da ya fito daga hannun Likita Mila yana da abin da baƙin nan ba su da shi: Hausa harshen uwarsa ce, ga kuma Turanci a baki da alƙalami.

Ya kamata a lura cewa ba a kan kabarin Hausa aka gina Turancin ba. Yaro yakan fara da karatu da rubutu a cikin harshensa, sai ya ƙware sannan a ɗora masa na baƙi. Likita Mila da kansa ya ƙarar da shekaru masu yawa na rayuwarsa a kan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da wasu 'yan mishan da kuma Hausawan da ke gyara masa harshe, har aka buga cikakkensa a 1932. Haka kuma ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko a Hausar boko, wato Jiki Magayi, ɗan wannan gida ne, John Tafida, ya rubuta shi tare da Rupert East a cikin shekarun 1930. Iyayenmu da ƙafa biyu suka tsaya, shi ya sa ba su faɗi ba.

Ƙaura Zuwa Gindin Dutse

Zaman mishan a cikin birnin Zariya bai taɓa kwanta wa fada da gwamnati a rai ba, kuma wurin ya yi wa aikin kaɗan. Bayan doguwar tattaunawa aka amince a ba C.M.S. fili mai faɗi a bayan ganuwa, kusa da dutsen Kufena. A 1929, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, aka kwashe makaranta da ɗakin magani da jama'a aka koma Wusasa. Likita Mila bai so wannan ƙaura ba, domin yana ganin ja da baya ne, saboda haka ya koma Kano. Wanda ya jagoranci kafa sabon mazaunin shi ne Rabaran Guy Bullen, wanda daga baya aka yi masa bishop a Sudan, ya kuma rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. Shi kuwa Likita Mila ya rasu a 1952 a ƙasar Jos.

A shekarar ƙaurar aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa, a kan tsarin ginin Hausa na maginan Zazzau, da bakan gizo da azara. Makarantar ta ɗauki sunan majami'ar, ɗakin magani kuma ya bunƙasa ya zama asibitin St. Luke, wanda Musulmi da Kirista suka sha magani a cikinsa ba tare da an tambayi kowa addininsa ba. Mutanen da suka zauna a wurin ba masu dukiya ba ne. Manoma ne, da masu bishara, da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya masu ɗan ƙaramin albashi. Sannu a hankali wasu suka riƙa zuwa daga ƙasar Filato da kudancin Zazzau da sauran sassa, Hausa ta haɗa su, makaranta ta mai da 'ya'yansu 'yan gida ɗaya. Wani abin da ya bambanta wurin shi ne, 'ya mace ma ta shiga aji a zamanin da karatun mata baƙon abu ne a Arewa, kuma daga cikinsu aka samu malamai da ungozomomi da ma'aikatan jinya.

'Ya'yan da Ta Yaye

Masu iya magana sun ce juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, daga makarantar mishan ta Zariya ya wuce King's College ta Legas, daga can zuwa Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo a matsayin likitan zamani na farko daga Arewacin Nijeriya. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, ya kuma shugabance ta tun tana ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. A 1967 ya zama kwamishinan tarayya mai kula da ma'adinai da lantarki. Asibitin koyarwa da ke Kaduna sunansa yake ɗauke da shi.

Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, jinin Isawa ne. Daga St. Bartholomew ya tashi har ya zama likita, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, sannan ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Ya rasu a 2005. A duba wannan tafiya: daga zuriyar da aka kora daga Kano, annoba ta kusa ƙarar da ita a Gimi, zuwa kujerar shugabancin babbar jami'ar Arewa. Janar Yakubu Gowon kuwa, wanda aka haifa a 1934, ɗan mai bishara ne daga ƙabilar Angas ta ƙasar Pankshin. A Wusasa ya tashi, a St. Bartholomew ya yi karatun farko, kafin ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa, ya shiga soja, ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Waɗannan su ne sunayen da duniya ta sani. Bayansu akwai ɗaruruwan malaman makaranta, da akawuna, da masu haɗa magani, da ma'aikatan gidan rediyo, waɗanda ba a rubuta sunayensu a littafi ba. Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta fito da manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa a shekarun 1950, 'ya'yan wannan ƙaramin gari suna cikin waɗanda aka tarar a shirye.

Ɗaya Gefen Kwabon

Tarihi na gaskiya ba ya tsayawa a kan yabo. Ilmin nan ya zo da tsadarsa. Wasu daga cikin ɗaliban farko sun rabu da danginsu har abada saboda sauya addini, wasu kuma sun rayu a tsakani, Musulmi na ganinsu a matsayin yaran Nasara, Kiristan Kudu na mamakin Bahaushe ko Bafulatani mai zuwa coci. Burin Likita Mila na ganin ƙasar Hausa ta bi addininsa bai tabbata ba, kuma kaifin harshensa a kan sarakuna ya bar tabon da zuriyar ɗalibansa suka daɗe suna gyarawa ta hanyar kyakkyawan zama da maƙwabta. Zaman lafiyar da ke tsakanin Musulmi da Kirista a gidajenmu, inda sau da yawa jini ɗaya ya haɗa su, gado ne da aka sha wahala kafin a tara shi.

Daga baya zamani ya sake juyawa. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓi makarantun mishan, kwalejin St. Paul da ke nan Wusasa ta koma Kwalejin Kufena, kuma abin mamaki, wannan ya faru ne a lokacin da ɗan Wusasa ke mulkin ƙasa. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, Turanci ya daina zama abin da gari ɗaya zai yi tinƙaho da shi.

Amma babbar tsadar ita ce wadda ta shafe mu kai tsaye. Makarantar da ta haifi gari ita ce kuma ta kwashe masa 'ya'ya. Duk wanda ya yi karatu, aiki ya kira shi birni. Muka tafi, muka yi gidaje a can, muka haifi 'ya'ya a can, Wusasa ta zama wurin da ake zuwa bikin Kirsimeti ko jana'iza. Da yawa cikin jikokin waɗanda suka taimaka wajen fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ba sa iya karanta shi a yau. Kakanni sun riƙe harsuna biyu, mu kuma muna neman mu bar wa na baya guda ɗaya.

Kammalawa

'Yan'uwa, darasin wannan tarihi a fili yake. Ba ginin ƙasa ko hikimar Bature ce ta yi Wusasa ba. Abin da ya yi ta shi ne, an samu mutanen da suka dubi yaron da ba shi da kowa, suka ce ya cancanci allo da alli kamar ɗan sarki. Irin wannan yaro bai ƙare ba. Yana nan a ƙauyukan da ke kewaye da dutsen Kufena, yana nan a unguwannin talakawa na biranen da muke zaune, wani ma shi ke wanke mana mota. Bambancinsa da kakanninmu shi ne, su sun samu wanda ya buɗe musu ƙofa.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Na farko, kowane reshe ya ɗauki nauyin karatun yara marasa galihu daga gida, ba tare da duba addini ko ƙabila ba, kuma a riƙa bin sawunsu har su kammala, kada a tsaya ga biyan kuɗin zango ɗaya a ɗauki hoto. Na biyu, a hanzarta zama da dattawan da suka rage, maza da mata, a naɗi muryoyinsu, a tattara hotuna da takardun da ke cikin akwatunansu, domin duk tsohon da ya kwanta dama yana tafiya da wani ɓangare na wannan labari. Na uku, mu koya wa 'ya'yanmu karatu da rubutun Hausa a gida, mu kuma riƙa kawo su su ga majami'ar ƙasa da kaburburan kakanninsu.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗanda suka tsira daga Gimi ba su bar mana gonaki ko shanu ba, makaranta suka bar mana, kuma ba a biyan irin wannan bashi sai ta hanyar koyar da wani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zuriyarsu a duk inda suke, Ya zaunar da Wusasa da ƙasar Zazzau da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Amin.